WA YA ƘIRGA TUMAKIN? WA'AZI KAN KARATU DA LISSAFIN 'YA'YANMU



 Dogon hutu ya ƙare, makarantu sun buɗe, hanyoyinmu kuma sun sake cika da yara kowace safiya. Na san irin ɗawainiyar da kuka sha kafin a kai ga haka. Wani ya sayar da akuya, wani ya sayar da masara tun ba ta gama bushewa ba, wata uwa kuma ta kwashe adashinta kaf, domin a ɗinka riga, a sayi littafi, a biya abin da makaranta ta nema. Allah da yake ganin wahalar da ake sha a ɓoye ya saka muku da alheri. Amma akwai tambayar da nake so kowa ya ɗauka ya kai gida yau. Yaron nan da muke turawa makaranta kullum, ya iya karatu kuwa? Ya iya lissafi? Wa ya bincika?

MAKIYAYI MAI ƘIRGA

A cikin Bisharar Luka sura 15, Ubangijinmu ya ba da misalin makiyayi mai tumaki ɗari, wanda guda ta ɓace masa, ya bar sauran ya shiga nemanta har ya same ta. Ma'anar misalin ta fari ita ce jinƙan Allah ga mai zunubi, kuma mun sha jin wa'azi a kan haka. Yau ina so ku lura da wani abu dabam. Yaya aka yi makiyayin ya san guda ta ɓace? Duk wanda ya taɓa kiwo ya sani, in ka tsaya daga nesa ka hangi garke, tumaki casa'in da tara da tumaki ɗari kamarsu ɗaya, ƙurar da suke tayarwa ma ɗaya ce. Sai wanda ya tsaya da yamma yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ne zai gane akwai giɓi.

Haka aji yake. Yara saba'in ko tamanin suna amsa wa malam da murya ɗaya, mai wucewa ta bayan taga ya ji ya ce karatu yana tafiya. Alhali kuwa a cikinsu akwai masu motsa leɓe kawai suna bin na gaba.

Zan ba ku labarin abin da ya faru da ni, kuma laifina ne zan fara faɗa. A wata ikilisiya da na yi aiki, muna shirya yara domin karɓar Jibin Ubangiji karo na farko. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar wadda ba a taɓa yi mata tambayar katikisma ta kasa amsawa ba. Wata rana na miƙa mata littafi, na buɗe shafin da ba mu taɓa bi ba, na ce ta karanta wa 'yan'uwanta. Ta ɗora yatsa a kan kalmar farko, ta yi shiru. Na ce ta ɗaga murya. Sai na ga hawaye yana ɗiga a kan takardar. Ashe duk abin da take amsawa da kunne ta kama shi, ta haddace. Shekara biyar tana zuwa makaranta, mahaifinta bai taɓa fashin biyan kuɗi ba, amma ba ta iya haɗa baƙi da wasali. Da na kira sauran ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar ba ita kaɗai ba ce. Ni kuwa na shekara uku a wurin, ina sa wa jakunkunansu albarka a farkon kowane zango, ban taɓa zaunar da ko ɗaya na ce ya karanta mini layi guda ba. Makiyayi ne ni wanda yake hangen garke daga nesa.

GIRMAN MATSALAR

Kada wani ya ce wannan abin ƙauye guda ne. A shekarar 2022, Bankin Duniya tare da UNESCO da UNICEF sun fitar da kiyasi cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, yara 70 cikin 100 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara kuwa, adadin ya kusa tara cikin goma. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa a Nijeriya, cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 14, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai yake da tushen karatu, haka kuma abin yake wajen lissafi.

Ƙasarmu ta yi ƙoƙarin cika makarantu da yara. An ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, aka ƙaddamar da shirin ilimi na bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokar 2004 kuma ta mai da shekara tara na farko kyauta kuma tilas. Duk wannan abin godiya ne. Amma doka tana iya kai yaro cikin aji, ba ta iya sa masa karatu a ka. Wannan sai mutum ya zauna da shi.

ME YA HAƊA IKILISIYA DA WANNAN?

Wataƙila wani zai ce, Fada, ai wannan maganar hedimasta ce, me ya kawo ta bagadi? To, ku saurara. Ubangijinmu da kansa, ranar da ya fara bayyana aikinsa a Nazarat, littafin annabi Ishaya aka miƙa masa, ya buɗe, ya nemi wurin da yake so, ya karanta a gaban jama'a, kamar yadda Luka ya ba da labari a sura 4. Yana ɗan shekara goma sha biyu kuma, a tsakiyar malamai aka same shi cikin Haikali, yana sauraro yana yin tambayoyi. Timoti, wanda Manzo Bulus ya ɗauka kamar ɗansa, ya san Littattafai Masu Tsarki tun yana ƙarami, Bulus kuwa ya ambaci sunan kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki a matsayin waɗanda bangaskiyar ta fara zama a cikinsu. A cikin Ayyukan Manzanni sura 8, babban ma'ajin sarauniyar Habasha yana cikin karusarsa yana karatu bai fahimta ba, sai da Filibus ya hau ya zauna kusa da shi. Ga babban mutum mai muƙami yana bukatar wanda zai zauna kusa da shi, balle ɗan shekara bakwai.

Firistocin Ƙungiyar Mishan ta Afirka da suka iso Shendam a 1907, da waɗanda suka biyo bayansu, duk inda suka kafa majami'a sai sun kafa makaranta a gefenta. Da yawa daga cikin kakanninmu a ƙarƙashin rumfar katikis suka fara ganin harafi. Majalisar Vatican ta Biyu kuma, a takardarta kan ilimin Kirista ta 28 ga Oktoba, 1965, ta koyar a fili cewa iyaye, tun da su suka ba yaro rai, su ne malamansa na farko kuma mafi girma, in kuwa suka yi sakaci da wuya wani ya cike gurbinsu. Ranar aurenku kun yi alkawari a gaban Allah za ku karɓi 'ya'ya ku rene su. Ranar baftismar yaro kun sake ɗaukar nauyin tarbiyyarsa cikin bangaskiya. To, wanda bai iya karatu ba, yaya zai buɗe Maganar Allah da kansa? Yaya zai karanta adadin maganin da aka rubuta wa ɗansa, ko takardar bashi da takardar gona da za a ce ya dangwala wa hannu?

Akwai kuma batun zunubi. Muna kukan satar amsa a jarrabawar sakandare, muna zagin masu sayar da sakamako. Amma saurayin da yake neman a rubuta masa jarrabawa yana ɗan shekara goma sha bakwai, galibi shi ne yaron da aka bari a baya yana aji uku, aka yi ta tura shi gaba ba tare da ya iya ba. Mu muka shuka ƙaryar tun tana ƙarama.

YADDA KARATU YAKE TSIRA

Yaro yakan koyi magana da kansa ta wurin ji, amma karatu sai an koya masa daki-daki. Da fari sai ya gane cewa kowane harafi yana wakiltar wani sauti. Daga nan ya haɗa baƙi da wasali ya sami gaɓa, ya haɗa gaɓoɓi ya sami kalma. Rubutun Hausa yana da sauƙi a nan, gama wasulan biyar ne, kuma yawanci yadda aka rubuta haka ake furtawa. Yaron da ya san ba, be, bi, bo, bu, ya san ka, ke, ki, ko, ku, zai iya karanta baba da kaka da babu da kansa, ba wanda ya faɗa masa. Ranar da wannan ya faru, ku dubi fuskarsa. Turanci kuwa ya fi wuya, domin harafi ɗaya yakan ba da sauti iri-iri, ga shi kuma yaron bai san ma'anar kalmomin ba.

Shi ya sa harshen da yaro yake ji yake da muhimmanci. Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a jami'ar Ile-Ife sun fara wani gwaji a 1970, inda aka koyar da wasu yara duk darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin ma, a wasu darussa har sun fi su. Tun kafin wannan, Waliyyi Yohanna Mai Baftisma na La Salle, wanda ya rasu a 1719, kuma Fafaroma Pius na 12 ya naɗa shi majiɓincin malamai a 1950, ya sa a fara koya wa 'ya'yan talakawan Faransa karatu da Faransanci, a zamanin da aka saba farawa da Latin. Manufar gwamnati kan harshen koyarwa ta sha canzawa, amma a cikin gidanka ba wanda zai hana ka. Ko Hausa kuke yi, ko Jju, ko Tyap, ko Berom, ko Ngas, ko Gbagyi, ko Tibi, ko Ibo, ku yi ta yi wa yaro magana mai yawa da harshen da kuka fi iyawa. Dabarar haɗa sauti da harafi sau ɗaya ake koyonta, yaro kuwa zai ɗauke ta ya shiga Turanci da ita.

Bayan haɗa kalma sai saurin karatu. Yaron da yake tsayawa yana kokawa da kowace kalma, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, don haka ya karanta amma bai fahimta ba. Maganin wannan shi ne maimaitawa: ya karanta gajeren labari ɗaya sau uku ko huɗu da murya, wani yana sauraro yana gyara masa a hankali. Lokaci kuma yana da muhimmanci, gama daga aji ɗaya zuwa uku yaro yana koyon karatu ne, daga aji huɗu kuwa ana sa ran zai yi amfani da karatun ya koyi kimiyya da tarihi da sauransu. Wani masani mai suna Keith Stanovich ya yi rubutu a 1986 kan yadda mai iya karatu yake ƙara karantawa yana ƙara iyawa, wanda ya gaza kuwa yake gudun littafi yana ƙara zama a baya. Ya laƙaba wa abin sunan Matiyu, saboda maganar da take ƙarshen misalin talanti, inda mai abu ake ƙara masa, marar shi kuwa ɗan abin hannunsa ma yakan kuɓuce. Giɓin da yake kamar taku ɗaya a aji biyu, kafin aji shida ya zama rafi.

LISSAFI YANA CIKIN GIDANKU

Ubangijinmu ya yi maganar mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya ƙididdige abin da ginin zai ci, don kada ya kafa tushe ya kasa gamawa. Littafin Karin Magana kuma ya la'anci ma'aunin zalunci. Wanda bai iya lissafi ba kuwa ko an tauye masa mudu ba zai sani ba.

Yara da yawa suna rera ɗaya zuwa ɗari kamar waƙa, amma ba su san abin da lambobin suke nufi ba. Ku gwada wannan. Ku rubuta 52, ku ce yaro ya ɗebe 27. In ya rubuta 35, kada ku ce masa daƙiƙi. Abin da ya yi shi ne ya ga ba a ɗebe bakwai daga biyu, sai ya juya ya ɗebe biyu daga bakwai. Bai gane ba tukuna cewa 5 ɗin nan goma biyar ce. Ku samo tsinken tsintsiya ko karan dawa, ku ɗaure goma-goma. Ku ajiye ɗauri biyar da tsinke biyu. Ku ce ya ba ku bakwai. Zai ga biyu ba su isa ba, dole ya kwance ɗauri guda, ya zama yana da ɗauri huɗu da tsinke goma sha biyu. Ya ɗebe bakwai saura biyar, ya ɗebe ɗauri biyu saura biyu. Ga 25 a gabansa, ya taɓa ta da hannunsa. Abin da malam yake kira aro ke nan, kuma yaron da ya kwance ɗauri da kansa ba zai manta ba.

Ku iyaye mata, ku ne manyan malaman lissafi ba ku sani ba. Macen da take sayar da ƙosai ko tumatir tana tarawa da ɗebewa da ninkawa a ka, ba ta kuskure. Ki jawo yaron cikin wannan. Ki ce masa, ƙwai uku, kowanne naira 150, an ba mu 500, nawa ne canji? Ki bar shi ya yi tunani, sa'an nan ki tambaye shi ta yaya ya samu. In za a raba gyaɗa ko lemo, shi zai raba wa ƙannensa daidai, wannan shi ne rabawa. Ku iyaye maza, a gona ku sa shi ya ƙirga kunyoyi, ya ƙirga shuka nawa ke kunya guda, ya faɗi jimla. In an haɗa ƙwaryar doya, wato guda ɗari, ya tara ta goma-goma ya ga tsibi nawa ne. Ko wasan dara da carafke suna koyar da ƙirga da tsari.

MINTI ASHIRIN

Ga abin da nake roƙon kowane gida. Ku keɓe minti ashirin kowace yamma, Litinin zuwa Asabar. A kashe talabijin, babba ya ajiye wayarsa, a kunna fitila, a shimfiɗa tabarma. Minti goma yaro ya karanta da murya, minti goma a yi lissafi. Minti ashirin sau shida awa biyu ke nan a mako, cikin mako hamsin kuwa awa ɗari. Wace makaranta ce za ta ba ɗanka shi kaɗai awa ɗari?

Amma ku fara da ƙirga irin ta makiyayi. A daren yau, ku kira kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba. Ku nuna masa haruffa a warwatse. In ya iya, ku ba shi kalmomi. In ya iya, ku ba shi jimla huɗu. In ya iya, ku ba shi gajeren labarin da bai taɓa gani ba, ku tambaye shi abin da ya faru a ciki. Inda ya tsaya, nan za ku fara, ko da yana aji shida ne. Wata ƙungiya mai suna Pratham a ƙasar Indiya ta gina aikinta a kan wannan dabara, wato a haɗa yara bisa ga abin da suka iya maimakon bisa ga ajinsu, an kuma kawo dabarar jihar Borno da wasu jihohin Arewa.

Na san akwai mai cewa, Fada, ni ban yi boko ba, me zan koya masa? Mahaifiyar Waliyyi Yohanna Bosko, wadda ake kira Mama Margarita, ba ta iya karatu ba, mijinta kuma ya rasu yaron yana ɗan shekara biyu. Ita ce ta rene shi cikin talauci har ya zama uban marayu da masu gararamba a birnin Turin, makarantun ƙungiyarsa kuma suka bazu a duniya. Ke ma kina iya zama ki ce, karanta mini in ji. Kunnenki zai gaya miki ko yana tafiya sumul ko yana tuntuɓe. Ki ce ya ba ki labarin da bakinsa. Ki buɗe littafin rubutunsa ki ga ko akwai sabon aiki, ko malam ya sa jan biro. Kaka kuma ta dawo da tatsuniya da kacici-kacici, domin yaron da ya saba bin labari daga farko zuwa ƙarshe da kunne zai fi saurin bin sa a takarda. Yayye 'yan sakandare su zauna da ƙannensu.

Ku guji bulala a lokacin nan. Waliyyi Agustin, ɗan Afirka, Bishop na Hippo, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa ya koyi Latin cikin sauƙi a hannun masu renonsa ana wasa da dariya, Girkanci kuwa da aka cusa masa da barazana da duka ya tsane shi. Manzo Bulus ma ya gargaɗi iyaye maza kada su matsa wa 'ya'yansu har zuciyarsu ta karai. Tsoro yakan toshe kai. Yaron da ake kira jaki kullum, wata rana zai yarda.

Ku lura kuma da jiki. Yaron da ya fita ba ko kunu a cikinsa ba zai riƙe darasi ba. Wanda yake matse ido in yana duban allo, ko ake kira ba ya juyowa, a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa kafin a ce masa malalaci. Fashin makaranta ranar kasuwa da lokacin girbi, da tallan da yake kai yarinya har dare, suna cinye abin da aka koya. A raba aikin gida daidai tsakanin maza da mata, kada ɗa namiji ya zauna da littafi 'yar'uwarsa tana bakin murhu kullum. Ita ma da surar Allah aka halicce ta.

GA MALAMAI DA MASU MAKARANTU

Ya ku malamai, na san wahalarku: aji cike maƙil, littattafai ba su isa ba, albashi yana jinkiri. Duk da haka ina roƙonku saboda Kristi, wanda almajiransa suka kira Malam, kada ku auna aikinku da shafin da kuka gama. Ku auna shi da yaron da ya iya. Ku san sunan wanda yake zama a can baya yana ɓoye fuska. Ko sau ɗaya a wata, ku ji karatun kowane yaro shi kaɗai. Ku faɗa wa iyaye gaskiya, gama rubuta wa yaro ya ci alhali bai ci ba shaidar zur ce.

Ku iyaye, in malam ya ce yaro ya maimaita aji ko yana bukatar ƙarin taimako, kada ku zo da faɗa, kada kuma ku ɗauke shi ku kai inda za a tsallakar da shi. Tsallake aji shida don a ce ɗan wane ya shiga sakandare da wuri, gini ne ba tushe. Ku je makaranta ko sau ɗaya a zango, ba sai an kira ku ba, ku halarci taron iyaye da malamai. Masu makarantu kuma, har da mu da muke riƙe da na Ikilisiya, mu tuna gargaɗin wasiƙar Yaƙub, cewa ladan ma'aikaci da aka danne yana kai ƙara gaban Allah.

ABIN DA IKILISIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kowace majami'a muna da benci da inuwa, muna da tsofaffin malamai da suka yi ritaya, muna da matasa da suka gama sakandare suna zaune. Ina ba majalisar kowace ikilisiya shawara ta keɓe awa ɗaya a mako bayan katikisma domin karatu da lissafi, a raba yara ƙungiya-ƙungiya bisa ga abin da suka iya. Zumuntar Mata ta bi gida-gida ta san yaran da ba sa zuwa makaranta, musamman marayu. Zumuntar Maza ta tanadi akwati guda na littattafan labarai masu sauƙi, da alli da ƙananan alluna. Ƙofar kuma ta zama a buɗe ga 'ya'yan maƙwabtanmu, Kirista da Musulmi, ba tare da wani sharaɗi ba, gama jahilcin ɗan maƙwabci gobara ce a kusa da danga.

Yarinyar nan da na ba ku labarinta, matar katikis ce ta ɗauke ta, suna zama da yamma a ƙofar gida, suka fara daga ba, be, bi. Bayan wasu watanni ta tsaya ta karanta addu'ar masu bi a Misar yara. Ta yi tuntuɓe sau biyu, ta koma ta gyara da kanta, mahaifinta kuwa yana zaune a bencin baya ya sunkuyar da kai. Amma akwai wani yaro a cikinsu da ban bi sawunsa da wuri ba. Kafin in waiwaya ya bar makaranta ya tafi haƙar ma'adinai, har yau kuwa ina sa shi cikin addu'ata. Kada ku yi jinkiri irin nawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an tashi daga Misa, in an ci abinci an huta, ku kira 'ya'yanku ɗaya bayan ɗaya, ku buɗe littafi, ku ƙirga.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Ubanmu, kai da ka san kowane yaro da sunansa, ka ba iyaye haƙuri, ka ba malamai ƙarfi da gaskiya, ka buɗe hankalin 'ya'yanmu su iya karatu su kuma san ka. Ka nuna mana wanda ya ɓace a cikin garkenmu, ka ba mu ƙafar nemansa. Uwargida Maryamu da Waliyyi Yusufu, ku da kuka reni Yesu a gidan Nazarat, ku yi addu'a domin gidajenmu. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Allah ya albarkace ku, ku da 'ya'yanku duka.